Kafin Ka Sake Kwanciya Ƙarƙashin Motar Nan

Gazawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Zuwaira da ƴar jinjirarku. Allah Ya kai ku Sae Sabuwa lafiya, Ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin gaggawa.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa shekara ashirin da bakwai ke nan ban kira sunanka na yanka ba, ban zaunar da kai na ce ga abin da ke raina ba. In ina son ka yi abu, sai in faɗa wa innarka da ƙarfi yadda za ka jiyo daga zaure. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba sai Talatar da ta wuce. Zan ba innarka takardar nan ta sa maka cikin jakar tufafi. Ka karanta ta kafin ka ci kasuwa ko ɗaya da motar nan.

Ranar Talata ina zaune gindin itacen bedi a ƙofar gida ka dawo daga kasuwa da rana tsaka. Ka kashe mota, ka sauke buhunan aya, ka sha ruwa. Da ka koma ka murɗa makulli sai ta yi ƙas sau ɗaya, ta yi shiru. Ko tsaki ba ka yi ba. Ka bar makulli a buɗe, ka ciro dogon turnabis ɗin nan na kwance sukuru, mai jan mariƙi, ka zagaya baya, ka kwanta rigingine wajen tayar dama, ka cusa hannu ƙarƙashi. Kwanciyar tawa ce sak, har yadda nake lanƙwashe ƙafar hagu. Ba ka leƙa ka ga ko tana cikin giya ba. Ba ka sa dutse a taya ba. Zuwaira kuwa tana tsaye a gaban motar, ta jingina da ita tana gyara goyon yarinya. Motar ta tashi lafiya, don Allah Ya sa a firi ka bar ta ba cikin giya ba, ka fito kana kakkaɓe riga kana murmushi. Tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. Tsoro nake ji, Nomau. Jibi za ka tafi da motar nan inda idona ba zai gan ka ba, kuma da wannan dabara a hannunka za ka tafi.

Bari in fara da ciwon motar, don kana tuƙa ta amma ba wanda ya gaya maka abin da ke damunta. Ka san asalinta. Wani Bature ne ya ƙetaro hamada da ita yana kwana a ciki, da gadonta da ɗan murhunta da labule, ya sayar a Maraɗi ya koma ƙasarsu. Ta bi hannu biyu kafin ta zo nawa. Na cire murhun na sa benci, na bar gadon, shi ya sa har yau ƴan tasha ke ce mata Mai Gado. Injinta a baya yake, makullinta a gaba. Wayar da ke kai saƙo daga makulli zuwa sitata sai ta bi tsawon motar gaba ɗaya, kuma wayar nan ta girme ka nesa ba kusa ba. Sitata shi ne ke juya inji ya tashi, makanikan Maraɗi demarer suke ce masa. A bayansa akwai wani ɗan gwangwani da suke kira solinoyid, ni ɗan goyo nake ce masa. Shi ke karɓar saƙon makulli, ya tura haƙorin sitata cikin na inji, ya buɗe wa babbar wuta hanya. In saƙon ya iso masa a gajiye, sai ya yi ƙas ya tsaya. Da safe, ƙarfe na da sanyi, ƴar ƙaramar wuta ta ishe shi. In mota ta yi tafiya ta ɗauki zafi, sai ya nemi fiye da abin da tsohuwar waya za ta iya kawowa. Ciwon ke nan gaba ɗaya, amma ni na daɗe ban san haka ba.

Kuskurena na farko, na ɗora wa mutum laifin waya. Lokacin muna lodi a tashar Gazawa ni da Tanko, wanda kuke ce wa Baba Tanko, mai tsohuwar akori-kura. Tare muka tashi da shi, tare muka yi kiwon awaki. Sai na lura motata na tashi lafiya a ƙofar gida da asuba, amma in na dawo daga Gangara na tsaya kusa da tasa, na cika da fasinja, sai ta ƙi. Mutane su gaji da jira su sauka su shiga ta Tanko. Sau ɗaya, sau biyu, har na daina ƙirgawa. Ban ce daga tafiya ta dawo ba, ban ce zafi ne ba. Na ce ai ga abu a fili, sammu aka yi mata. Na canza batir bai hana ba, sai zargina ya ƙara ƙarfi. Na tafi wajen wani malami a bayan Agiye, ya ba ni laya na ɗaura a sitiyari, ya ba ni rubutu na yayyafa wa tayoyi huɗu. Kwana uku tana tashi ba gardama, ni ina ta yaba malam, ashe ruwan sama aka yi gari ya yi sanyi. Rana ta huɗu ta ƙi, a gaban Tanko.

Ya taso da kansa ya dafa ƙofata ya ce, "Idi, bari in kama maka turi. Amma ka kai ta wurin mai waya, wanga ba ciwon batir ba ne."

Na ce, "Ai kai ka san ciwonta, tunda kai ka sa mata shi. Ɗauke hannunka daga motata."

Ya dube ni, ya ɗauke hannun, ya koma wurin motarsa. Shekara biyu ba mu gaisa ba. Aka yi suna a gidansa ban je ba, ina zaune a ƙofar gida ina jiyo kiɗa.

Saboda haka ka kiyaye. Ciwon da ke zuwa yau ya ɓace gobe ya fi kowane saurin sa mutum zargi, kai kuwa baƙo za ka zama a Sae Sabuwa, ba ka san mai sonka da mai ƙinka ba. In ta ƙi tashi, kada ka dubi fuskar kowa, ka saurare ta. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya duba maka, amma ya tsaya a gefe, ba a gabanta ba. Sannan ka murɗa makulli. In fitila ta dushe ta kusa mutuwa, batir ne ya gaji, ko kawunansa sun yi wannan farin gishiri. Kwance su ka kankare har su yi ƙyalli, ka ɗaure tam. In fitila ta tsaya da haskenta ka ji ƙas ɗaya, ɗan goyo ne ko doguwar wayarsa. In ko ƙas ɗin babu, to makullin ne, ko ƙaramar waya ta zame daga bakin ɗan goyo. In kuma sitata na juyawa a hankali yana nishi, a duba kitsattsiyar wayar da ta haɗa akwatin giya da jikin mota, don ita ke mai da wuta gida, kuma tsatsa na cin ta ba ka sani ba. Duk dubawar da za ta kai mutum ƙarƙashi, a fara cire kan batir tukuna.

Kuskurena na biyu, na koyi zama da ciwon maimakon in yi maganinsa. Daga baya na ji maganar Tanko a ɓoye, na kai ta Agiye wurin Malam Sule mai waya. Sau uku ina kai ta da sassafe, sau uku tana tashi a gabansa tun kafin in gama murɗa makulli, kamar majinyacin da ya warke a ƙofar likita. A na ukun ya ajiye kayan aikinsa ya yi dariya.

Ya ce, "Idi, da sahe ba ta nuna komi. Ka kawo ta da zahinta, ko ka bar mini ita kwana ukku in bi wayarta tun daga gaba har baya."

Na ce, "Kwana ukku, Malam Sule? Gobe Gangara ke ci."

Ya ce, "To, sai ka shirya."

Ban shirya ba. Kullum akwai kasuwar da ke ci gobe. Sai na gyara rayuwata ta dace da halin mota. Na daina kashe inji in na tsaya, ko abinci zan ci tana nan tana ruri. In dole ta sa na kashe, sai a kan tudu. Na san duk wani gangare tsakanin Gazawa da Agiye fiye da yadda na san gonar ubana. Inda ba tudu, fasinja su sauka su tura, har tsofaffin mata masu tallar daddawa sun tura Mai Gado suna zagina a hankali. Ana cikin haka wayar birkin hannu ta tsinke, ita ma na ce sai an samu sarari. To motar da ake ajiyewa a gangare ba birkin hannu, da me za a riƙe ta? Da giya. Hannuna ya saba, in na kashe inji sai ya tura giya ta ɗaya shi kaɗai, ko a kan tudu ko a fili, ban ma san ya yi ba.

Ka lura da wannan, Nomau. Ƙaramin ciwon da ka ɗage gyaransa ba ya zama shi kaɗai, yana koya maka wata ɗabi'a, ɗabi'ar kuma ita ce ke yin ɓarna. Jiya da ka tafi masallaci na shiga motar na ja birkin hannunta. Ya fara sakewa, sai da ya kai ƙarshe kafin ya kama. Ka sa a ɗaure shi ranar da ka isa, tun kafin ka sauke kayan ɗakin Zuwaira.

Kuskurena na uku shi ne wanda na daɗe ina zagaye-zagaye kafin in iso gare shi. Wani direban babbar mota ne ya nuna mini dabarar a bakin iyaka. Ya ce tunda saƙon makulli ba ya isa, kai ka kai wutar da hannunka: ka kwanta, ka haɗa babban bakin ɗan goyo da ƙaramin da turnabis, sitata zai juya ko yana so ko ba ya so. Na gwada ta tashi nan take. Na ji kaina ya yi girma. Na huta da neman tudu, na huta da roƙon turi. Ƴan tasha har taruwa suke yi su ga tartsatsi, ni kuwa in fito ina kaɗa turnabis ina cika baki. Abin da direban bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne sitata bai san ko mota na cikin giya ba, juyawa kawai ya sani.

Lokacin kana da shekara biyar, kana hannun kakarka a ƙauye. Bazara ce, mun taso daga kasuwar Gangara da fasinja huɗu, duk maza, da innarka da ta je gaida danginta. La'asar ta same mu a wani fili mai rairayi, ba itace ko ɗaya. Na tsaya, hancin mota na kallon gabas, inuwarta ta faɗi a gabanta. Nan muka shimfiɗa. Na bar inji yana aiki kamar kullum, sai wani dattijo daga cikin fasinjan ya ce hayaƙi da ƙara ba za su bar shi ya san abin da yake karantawa ba. Gaskiyarsa ce, kuma ba a musu da mai furfura kan salla. Na leƙa na kashe. Hannuna ya tura giya ta ɗaya.

Mu maza muka yi sahu a gaba, innarka ta tsaya bayanmu kamar yadda ya kamata, saboda haka ita ce ta fi kowa kusa da motar. Muka sallame muka tashi, kowa ya nufi gefe yana sa takalmi. Ita ta zauna a wurin tana lazimi, ta miƙe ƙafa, fuskarta gabas, ta ba motar baya. Na tsaya a ƙasa na miƙa hannu ta taga na murɗa makulli, ta yi ƙas. Na yi dariya na ce wa dattijon, "Baba, ka sa na kashe ta, yanzu sai ka tsaya ka ga aiki." Na bar makulli a buɗe na zagaya baya na kwanta. Ban leƙa gaba ba, ban taɓa sandar giya ba.

Da na haɗa bakunan, motar ta zabura ta bar kaina. Ina kwance sai na ga sararin sama a inda ƙarfe yake. Inji ya kama, ya yi tari sau biyu, rairayi ya riƙe ta ta mutu. Ban ji kukan innarka ba, don ba ta yi ba. Muryar dattijon na ji yana salati. Da na zagayo na tarar motar ta ture ta gefe, tayar gaba na zaune a kan ƙafarta ta dama, ƙasa da gwiwa, carbinta na hannunta. Mu biyar muka ɗaga gaban motar, ta ja jikinta da kanta. Ba zan kwatanta maka yadda ƙafar ta koma ba.

Muka kwantar da ita a gadon mota. Na shiga na mai da giya firi na murɗa makulli, ta yi ƙas. Turi ba ya yiwuwa a cikin rairayi. Ba gari kusa, ba wata mota a hanya. Dole na sake ɗaukar turnabis ɗin nan na sake kwanciya a wurin, jininta a rigata, ina laluben bakin ɗan goyo. Sai a karo na uku ta tashi. Na yi tuƙi shekara da shekaru, na ga hatsari iri-iri a hanya, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan kwanciya ta biyu ba.

Muna tafiya tana cije leɓe, sai ta kira fasinjan. Ina jin ta daga gaba.

Ta ce, "Ku ji, don Allah. Amalanke ce ta taka ni kasuwar Gangara. Kowa ya tambaye ku, haka za ku ce."

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, mu hwaɗi abin da bai hwaru ba?"

Ta ce, "Alhakin na wuyana, Baba. In anka ji shi ne, ba mai sake shiga motar ga, kuma ƴan'uwana ba su bari na zamna gidanshi. Ina da ɗa."

Dattijon ya ce Allah Ya yi mata albarka. Mutanen nan huɗu sun riƙe amana, ukunsu har sun rasu ba su faɗa wa kowa ba. Na so in ce a'a, a faɗi gaskiya, amma na ji sanyi a raina da ta rufa mini asiri, kuma wannan sanyin da na ji har yau ina jin kunyarsa.

Daga likitan Gazawa aka tura mu Maraɗi. Ƙashi ya haɗu, amma ya haɗu a gajarce, ka san sauran. Mutumin da ya fara zuwa duba ta Tanko ne, wanda na shekara biyu ban gaisa da shi ba. Ya zauna kusa da ni a bakin baranda, bai tambaye ni komai ba, sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Shi ya kai motar Agiye ya bar wa Malam Sule. Malam Sule ya kankare kitsattsiyar waya, ya ɗaure birkin hannu, ya sa wani ɗan akwati da ake ce wa rele kusa da sitata, wanda ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta gajeriyar waya mai kauri, yadda tsohuwar waya ba ta da aiki sai taɓa shi kawai. Aikin da na yi ta gudu bai ci wuni ɗaya ba.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma akwai na huɗu, kuma shi ne ya shafe ka. Bayan wasu shekaru ɗan goyo ya fara tsufa shi ma, don duk tashi sai wuta ta ɗan ƙona cikinsa. Ƙas ɗin ya dawo jefi-jefi. Ni da na rantse ba zan sake ba, na koma wa turnabis, na ce ai yanzu na san inda hatsarin yake. Lokacin ka dawo gida, ka yi wayo, kana tsaye kana kallo. Ka ga ina zagaya mota ina korar mutane daga gabanta da faɗa, ka ɗauka zafin raina ne. Ka ga ina girgiza sandar giya sau biyu, ka ɗauka wasan hannu ne. Ka ga ina tura dutse gaban taya da ƙafa, ba ka san da gangan nake yi ba. Ba ka ji yadda gabana ke faɗuwa duk lokacin da bayana ya taɓa ƙasa ba. Abin da ya burge ka shi ne tartsatsi da tashin inji, shi ka ɗauka ka bar sauran. Ba laifinka ba ne. Da na ce maka ga dalili, da sai in faɗi abin da ya faru a hanyar Gangara, sai na fake da kunyar ɗan fari na yi shiru. Kunyar gaskiya ce, amma ta yi mini amfani fiye da kima.

To ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Makon farko, ka ɗauke ta ka yi tafiya mai nisa har ta yi zafi, ka kai ta wurin mai waya a Tibiri ko Maraɗi da zafinta, ka kashe a gabansa, ya ji ƙas ɗin da kunnensa. A canza ɗan goyo gaba ɗaya, a duba rele, a duba wayoyin. In ya ce kwana uku, ka ba shi huɗu. Za ka ga kasuwa na ci kana zaune, za ka ga wasu na kwashe fasinjan da ka sa rai, zuciyarka za ta ce ka ɗage zuwa mako mai zuwa. Na san muryar nan sarai, ita ta yi mini magana a gaban Malam Sule.

Kafin a gyara, in ta ƙi maka a hanya, sauke kowa ka kai su gefe, ka buɗe murfin inji ka bar ta ta sha iska. Sau da yawa in ta huce sai ta tashi da makulli. In ta ƙi, a tura. In rairayi ne, ka nemi mai shanu ya ja ta zuwa ƙasa mai tauri. Kaya su lalace, fasinja su zage ka, ka isa bayan kasuwa ta watse, duk na yarda. Kuma kada ka bar kowa ya zauna a inuwar gabanta ko ta bayanta, ko da salla yake yi, ko da ya haife ka. Can yamma hanyoyin ƙauye rairayi ne, itatuwa a warwatse, mutane za su nemi inuwar mota, kai kuma baƙo ne za ka ji nauyin korarsu. Ka kore su. Na so in rubuta maka yadda ake kwanciyar nan cikin kiyayewa, na fara na soke. Ni na san duk matakan, amma ka ga abin da saninsu ya haifar a gidana: ya kai ka ƙarƙashin mota, Zuwaira da yarinya a gabanta.

Jiya na sami innarka tana tsince wake a tsakar gida na faɗa mata abin da na gani ranar Talata. Ta ajiye faifan.

Ta ce, "Hwaɗa mishi, Malam."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka. Don in tsare gidana na ɓoye. In ɓoyon zai taɓa mini jika, ba ni son shi."

Shi ya sa na zauna na rubuta, da izininta. Kada ka ga laifinta don ta gaya maka abin da ba shi ba, laifin nawa ne tun daga farko har ƙarshe.

Saura abu ɗaya. Wata rana kana da shekara goma sha biyu, innarka ta dawo daga rijiya ƙafar ta kumbura, ka zauna kana gasa mata da ruwan zafi. Na ji ka ce in ka girma sai ka nemo mai amalanken nan a Gangara, ka tambaye shi ko ba shi da ido, kuma ba za ka taɓa yafe masa ba. Ina zaune a kan tabarma taku uku daga inda kake, ina cin tuwon da ta tuƙa a tsaye da ƙafar nan. Innarka ta ce ka yi shiru, ba kyau. Ni ban ɗago kai ba. To ba sai ka je Gangara ba, Nomau. Ni ne mai amalanken.

Ban san da wane ido za ka dube ni bayan wannan ba, kuma ina jin tsoron hakan, ba zan ɓoye maka ba. Amma bai kai tsoron da na ji ranar Talata ba. In kun zo da Salla ka ga ba za ka iya tsayawa zaure ka gaishe ni ba, ka wuce kai tsaye ɗakin innarka, ba zan riƙe ka da komai ba. Ku dai zo, ku ukun, kowa da lafiyar jikinsa.

Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya tsare duk wanda zai shiga motar nan da duk wanda zai tsaya kusa da ita. Ya ba ka haƙurin jira a inda ni na yi gaggawa. Ya raya yarinya, Ya sa ta taka ƙasa da ƙafafunta biyu har tsufanta. Ya yi maka albarka. Amin.

Mahaifinka,
Idi